MASU BIKI KO 'YAN KALLO?

 Yau hirar tamu a kan fim za ta tsaya, amma kada wata ta gyara zama tana zaton zan kawo labarin wace jaruma ce ta yi aure ko wacce ce aurenta ya mutu. Abin da ya dame ni daban ne, kuma ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tambaya ce guda ɗaya: shin bikin da muke gani a fim daga gidajenmu aka ɗauke shi, ko kuwa mu ne muke ɗaukowa daga fim muna kawowa gidajenmu? In kuma mu ne muke ɗaukowa, me muka yar a hanya domin hannunmu ya sami wurin riƙe sabon? Ban kawo wannan magana don na fi kowa ba. Ni ma da laifina a ciki, kuma zan faɗe shi da bakina, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni dai 'yar zamanin kaset ce. Lokacin da muka taso a birnin Kano 'ya mace ta gidan mutunci ba ta taka ƙofar silima, su Plaza da Marhaba da El Dorado sai dai mu ji sunansu a bakin yayyenmu maza idan sun dawo da daddare suna ba juna labari. Mu namu kallon a gida yake, ranar da gidan talabijin na NTA ko CTV suka ga dama suka sa fim ɗin Indiya. Da bidiyo ta zo kuwa sai abin ya zama kamar cin kasuwa. NEPA na kawo wuta za ki ga matan maƙwabta suna shigowa ɗaya bayan ɗaya da goyonsu, a baje tabarma, a sa yaro ya ruga shagon haya ya karɓo kaset. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya, muka ga mutane irinmu suna magana da harshenmu a cikin akwati. Kafin a kai 1999, shekarar da Sangaya ya fito har waƙarsa ta hana kowa sakat, kuma shekarar da mujallar Tauraruwa ta laƙaba wa sana'ar sunan Kannywood, da wuya ki sami gidan da fim bai shiga ba.

Ki lura da wani abu a nan 'yar uwa. Kakanninmu, duk bikin da ɗayarsu ta gani a rayuwarta to da ƙafarta ta je, kuma da aikin da ta yi a wurin, ko da kuwa gyaran shinkafa ne ko jajjage. Mu ne na farko da muka zauna a ɗaki, hannu a naɗe, muka kalli bikin mutane iri-iri ba mu ɗauki ko cokali ba. Tun daga nan muka koyi wata ɗabi'a da ba mu san mun koya ba, wato kallon biki.

Bari in ba ku labarin inda wannan ɗabi'a ta kai ni. A shekarar 2019 aka sa ranar 'yar yayata, 'yar fari, yarinyar da na goya da bayana. Tun da aka sa ranar ta zo ta same ni da wayarta cike da hotuna, ta ce, "Anti, ni fa irin wannan nake so." Na duba, sai ga ango da amarya a kan wata kujera kamar karagar mulki, furanni ta ko'ina, hayaƙi yana tasowa daga ƙasa, ƙawaye sun jeru cikin anko. Wasu hotunan daga fim ta ciro su, wasu daga Instagram, kuma wallahi ba kya iya bambance wanne ne wanne. Ni da ya kamata in taka mata birki sai na fi ta zumuɗi. Aka kama ɗakin taro don yin dina, aka buga kati ɗari biyu, aka ce kowane kati mutum ɗaya, aka danƙa mini rabon na ɓangaren amarya.

Ana jibi ɗaurin aure sai ga Gwaggo ta iso daga ƙauyenmu na wajen Ɗambatta. Ƙanwar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta zo da ƙullin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, da man shanu a kwalba, da 'yan kuɗinta na biki ƙulle a bakin zane. Tana shigowa ta hau tsokanar amarya irin ta kaka da jika: "Ina kishiyar tawa? Fito in gan ki, ai mijin nan nawa ne, aro na ba ki." Da na zo rabon kati na iso kanta, sai na ce a raina, me tsohuwa za ta yi a wurin dina? Kiɗa ne kawai zai cika mata kunne. Na tsallake ta, na ba wata ƙawar ƙawar amarya wadda har yau ban san sunanta ba.

Ashe Gwaggo ta ci ado. Ta ɗaura zanenta na saƙi da take ɓoyo a ƙasan akwati, ta bi wata motar 'yan biki ta je. Masu tsaron ƙofa suka ce ina kati, ta ce ita ce gwaggon uwar amarya, suka ce su kati suka sani. Ba ta yi musu da su ba. Ta sami wani dakali a gefen masu sayar da ruwan leda ta zauna, tun bayan isha'i har aka tashi. Ni kuwa ina ciki ina liƙi, ina gyara ɗaurin ɗankwali saboda mai ɗaukar hoto. Sai da muka fito na hango ta, ta lulluɓe ƙafafunta da mayafi saboda sauro. Na ce, "Gwaggo! Me ya sa ba ki aika an kira ni ba?" Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ai na ji kiɗan daga nan. An dai yi lafiya? To madalla." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Daren nan ban runtsa ba. Ina juyi ina tambayar kaina, wai shi biki don me ake yin sa? Addini dai bai wahalar da mu ba: waliyyi, shaidu, sadaki, a nema a bayar, sai walima gwargwadon hali. In don a halatta zaman mutum biyu ne kawai, minti goma a ƙofar gida ko a masallaci sun isa. To sauran hidindimun da iyayenmu suka ɗora a kai fa, na mene ne?

Ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki gani. Neman aure ba saurayi ke zuwa ba, baffanninsa da kawunnansa ke zuwa. Uban yarinya ma sau da yawa ba shi ke bayarwa ba, sai ya tura wajen wansa ko ƙanensa ko amininsa, shi ya koma gefe saboda kara. Lefe mata dangin ango ke kawowa, mata dangin amarya su karɓa su ba da tukuici. Ranar kamu dangin ango ke zuwa su yi ciniki da ƙawaye kafin a nuna musu amarya. Jere aikin innoni ne da yayye. Wadda ke riƙo hannun amarya ta kai ta, ta danƙa ta amana ga uwar miji, gwaggo ce ko inna, uwa tana can gida tana share hawaye. Sayen baki na abokan ango ne da ƙawayen amarya. Gara kuma daga gidan amarya take fitowa, a rarraba wa dangin ango har maƙwabta su ɗanɗana alkaki da nakiya. Kin ga kowace al'ada an rataya ta a wuyan wani. Ba a bar kowa ya zauna haka kawai ba.

Hikimar ita ce, duk wanda ya sa hannu aka ɗaura ba ya iya naɗe hannu ranar da igiya ta fara sassautawa. Ranar da amarya ta yi yaji, gidan waliyyinta za ta nufa ko gidan gwaggon da ta kai ta ɗaki, masu zuwa biko kuma su ne baffannin nan da suka zo nema. Masana zaman jama'a, wato masu nazarin yadda mutane ke cuɗanya da juna, suna cewa aikin irin waɗannan al'adu ke nan, su sanar da kowa matsayinsa da nauyin da ya hau kansa. Mu kuwa tun kafin su rubuta mun riga mun taƙaita, muka ce zumunta a ƙafa take.

Ko kalmar biki ɗin ma ki duba. A bakin iyayenmu mata, in kika ji wata ta ce za ta kai wa wance biki, to kuɗi take nufi. Ki kawo mini naira ashirin ranar sunan ɗana, in mayar miki da arba'in ranar auren 'yarki, a yi ta ninkawa har ya yi nauyi a sasanta a koma ƙasa. Babu takarda babu alƙalami, amma babu wadda take mantawa. Wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954, kuma littafin cike yake da zancen aure da suna da ƙawance, da wa ta kai wa wa me. Da wannan mata suke riƙe da juna tun babu banki. Daga baya na gano cewa kuɗin da Gwaggo ta ƙullo a bakin zane ramakon bikin da mahaifiyarmu ta kai mata ne shekaru masu yawa da suka wuce. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, babu mai tambayarta, amma ta zo biya. Ita ce na ce ba ta cancanci kati ba.

To shi fim me ya yi da wannan duka? Ban ce 'yan fim mugaye ba ne, sana'ar tasu ce take da iyaka. Kyamara fuska take so, kuma ta fi son fuska biyu, ta saurayi da ta budurwa. Labarin awa biyu ba zai ɗauki gwaggo bakwai da baffa biyar ba, tunda kowanne sai an biya shi an kuma rubuta masa abin faɗa. Saboda haka sai darakta ya tattara dangi duka ya mayar da su mutum huɗu: Alhaji, Hajiya, yaro da yarinya, sai ko maigadi da 'yar aiki don ban dariya. Gidan ma falo ne da kujeru, ba ki ganin tsakar gida mai ɗaki goma da murhu uku. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya daɗe yana nazarin finafinan Hausa, ya nuna abubuwa uku da suka fi yawa a cikinsu, kuma duka ukun da tasirin Indiya a jikinsu: auren dole, mutum biyu suna son mutum ɗaya, sai waƙa da rawa. Ki duba ukun nan da kyau, masoya ne a tsakiyar kowanne. Dangi in sun fito to cikas suka zo zama, ko uba mai taurin kai, ko uwar miji mai baƙin hali, ko kishiya mai bin boka. Ranar biki kuma a dasa masoyan a kan karaga, kowa ya koma kujera ya zuba musu ido. Daga nan muka koyi zama a layi muna kallon 'yarmu kamar baƙuwa.

Akwai kuma abin da kyamara ba ta iya ɗauka ko da ta so. Yaya za a ɗauki kunyar ɗan fari, uwar da ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, alhali kuwa in ya yi zazzaɓi ita ba ta barci? Yaya za a ɗauki surukar da ba ta taɓa ce miki tana son ki ba, amma duk ranar da ta yi dambu sai ta aiko miki da kwanonki? Ƙaunar gidan Bahaushe yawancinta a aikace take, kuma a hankali take tafiya, shekara da shekaru. A fim kuwa shiru asara ce, komai sai an faɗa da baki. Zaman lafiya ma ba ya ciniki. Kishiyoyi biyu da suka shekara ashirin suna karɓar girki a hannun juna, in ɗaya ta haihu ɗayar ta tsaya mata, wa zai zauna kallonsu? Dole a sa faɗa, dole a sa asiri. Hukumar tace finafinai da aka kafa a Kano a 2001 tana iya sa a yanke rawa ko suturar da ba ta dace ba, amma ba ta da yadda za ta yi da abin da tun farko ba a saka ba.

Illar wannan ita ce yarinya takan shiga gidan miji ta riga ta ga iyayen miji barkatai a fim, mafi yawansu miyagu. Tun tsohuwa ba ta buɗe baki ba an yanke mata hukunci. Na san amaryar da uwar mijinta ta aiko mata da tuwon dawa miyar kuka, ta faki ido ta juye a bola wai kada a ba ta asiri ta ci. Ita kuma tsohuwa da kwanon ya dawo a wanke sai murna take, tana cewa surukarta ba ta da ƙyama. Ki gaya mini, a gidan nan wa ya fara cutar wani?

Abin mamaki shi ne, finafinan Indiyan da ake cewa su suka ɓata mu, wasunsu sun fi mu riƙe dangi. Wadda duk ta kalli Hum Aapke Hain Koun na 1994, na Salman Khan da Madhuri Dixit, mai waƙoƙi 14 da tsawon sama da awa uku, ta san kusan duk fim ɗin hidimar gida ce: neman aure, biki, shagalin samun ciki, haihuwa, rasuwa. Kowa da aikinsa a ciki, kawu da matarsa, surukai, har barorin gida. Ɓoye takalman ango da 'yan uwan amarya suke yi sai an biya su, ai ɗan uwan sayen bakinmu ne. Su kansu Indiyawa sun shaida cewa bayan fitowar fim ɗin mutane sun riƙa kwaikwayon bikinsa da tufafinsa, kin ga ashe ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. Amma mu da muka tashi aro sai muka ɗauko rawar da fitilun, muka baro musu dangin a can.

Sai dai kada in yi son kai, a fim ɗin nan akwai wani darasi da ya juyo kan mu masu yabon al'ada. Da yayar ta faɗo daga bene ta rasu ta bar jariri, manya suka yanke shawara ƙanwar ta auri mijin yayarta don ta riƙe yaron, alhali ƙanen mijin take so. Ta haɗiye ta yi shiru saboda kunya da biyayya. Wace ce a cikinmu ba ta san gidan da aka yi irin wannan ba? A fim kare ne ya ɗauki wasiƙarta ya kai wa wanda za a aura mata, asiri ya tonu, aka fasa. A gidajenmu kuwa babu karen da zai kai wasiƙa. Dangin nan da suke tallafe ki, su ne kuma in an yi rashin sa'a suke danne ki, kuma a nan dole a yaba wa marubuta da 'yan fim, domin sun faɗi abin da yarinya ba ta iya faɗa a gaban baffanta. Littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990 aka kuma mayar da shi fim a 1998, ya nuna Rabi mai 'ya'ya tara da Alhaji Abdu ya kora saboda Delu, ta koma sayar da abinci tana riƙe 'ya'yanta, kuma a littafin bayan duniya ta juya masa baya ita aka matsa wa ta koma. Mata da yawa sun kalli Rabi sun ga kansu. Haka nan shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24, da yake suna da lokaci, sun dawo mana da maƙwabta da mai shayi da almajirai da rigimar Kamaye da Adama, har mutum ya ji kamar unguwarsu ce. Ashe in an ga dama ana iyawa.

Mu koma kan Gwaggo. Wata goma sha ɗaya da biki amarya ta sauka, aka sami mace, ta dawo gida wanka kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Yaya ga kunyar 'yar fari ga ciwon ƙafa, ni kuma ga aiki ga nawa yaran. Masu katin nan ɗari biyu, wasunsu sun zo ranar suna cikin sabon anko, an yi hotuna, kafin magariba kowa ya kama gabansa. Gwaggo kuwa babu wanda ya aika mata da mota. Labari kawai ta ji, washegari sai ga ta da ƙullin kayanta. Kwana arba'in cur tana tashi tun kafin asuba ta hura wuta, ta dafa ruwa da ganyen darbejiya, ta yi wa mai jego wanka safe da yamma, ta wanke jaririya, ta dama kunu, in dare ya yi ta karɓi yarinya ta ce, "Kwanta ki yi barci, kishiya, ni na ƙoshi da barci tun kafin a haife ki."

Har saɓani an ɗan samu. Likita ya ga jinin mai jego ya hau, ya hana ta kunun kanwa, ya ce kuma a rage zafin ruwa, domin likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Gwaggo ta yi mita ta gaji ta ce, "To, ku da likitanku." Ta koma dama kunun gyaɗa, ta riƙa surka ruwan. Wannan ya nuna mini cewa al'ada tana iya canja kama ba ta mutu ba. An cire kanwa, an rage zafi, wanka bai ɓaci ba, domin abin da ya riƙe yarinyar nan shi ne mutum da ta bar gidanta da awakinta ta zo ta zauna mata kwana arba'in.

Wata rana da daddare muna zaune mu uku ana nuna wani fim a talabijin, aka zo wurin biki. Ga karaga, ga hayaƙi, ga ango da amarya suna taku ɗaiɗai. Gwaggo ta ƙura ido ta daɗe, can sai ta ce, "Wai su waɗannan bayin Allah ba su da kowa ne? Wa zai kai ta ɗaki?" Mai jego ta tuntsire da dariya, ni kuwa na kasa. A nan na buɗe baki na gaya mata abin da ya faru a bakin ƙofa daren dinarta, don ashe duk watannin nan ba ta sani ba. Yarinya ta sa kuka, ni ma na ce Gwaggo ta yafe mini. Ta ce, "Ke dai kin cika tone-tone, 'yar nan. Miƙo mini zanen goyon can."

Gwaggo ta rasu a 2022. Mun je ƙauye zaman makoki, gidan ya cika har waje, wasu sun kawo fura, wasu ƙosai, wasu ruwa kawai suka ɗebo suka zuba a randa, kuma ban ga wanda aka tambaya kati ba. Da 'yar tawa ta sake haihuwar mace ta roƙi mijinta aka sa sunan Gwaggo, muna kiranta Ummi tunda bakinmu ba ya iya faɗin sunan.

Saboda haka amsar tambayar da na fara da ita, a ganina, duka biyun ne. Fim daga gidajenmu ya ɗauka, amma ƙyalƙyalin ya iya ɗauka ya bar aikin, mu kuma muka bi shi muka sayo ƙyalƙyalin da tsada muna zaton shi ne bikin. Ban ce kada ki kalli fim ba, ni ma yau ɗin nan zan kalla. Ban kuma ce kada ki yi dina ba in kina da hali ba bashi za a ci ba, in kiɗa ya canja ai rawa ma canjawa take. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ke budurwa, kafin ki rubuta sunayen masu anko, fara rubuta sunayen waɗanda za su zo miki ranar jego da ranar jinya, su ne masu kujerar gaba. Ke amarya, kada ki auna uwar mijinki da ta cikin fim, ki bari ta nuna miki halinta da kanta. Ke uwargida, in kina kallo da yaranki ki riƙa tambayarsu irin tambayar Gwaggo, ina dangin yarinyar nan, wa ya yi girkin da suke ci, don su san akwai abin da aka ɓoye a bayan labule. In kuma hidima ta tashi a gidanki, ki ba kowa abin yi, ko da riƙon kwanon goro ne, domin wanda aka ba aiki ya san da shi ake yi, wanda aka ba kujera kawai kuwa ɗan kallo ne, kuma ɗan kallo in fim ya ƙare tashi yake ya kakkaɓe rigarsa ya tafi.

Su kuma 'yan uwanmu masu shirya fim, don Allah a riƙa tunawa da gwaggo da inna da baffa na kirki, akwai su da yawa, kuma 'ya'yanmu suna bukatar ganinsu.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba 'yanmatanmu mazaje nagari, Ya zaunar da na ɗaki lafiya, Ya kuma bar mu da zumunci. Wadda na ɓata wa a cikin wannan hira ta yi haƙuri ta yafe ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.